Hannun Baba Sikeli

Shagon Baba Sikeli bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba, amma ko guda ɗaya ba ta da wurin shimfiɗawa, don akwatuna sun cinye ko'ina. Na fata, na roba, na yadi, an jibge su kan juna har suna taɓa rufi. Wasu suna jiran masu su ne. Wasu kuwa masu su sun manta da su tun 'yarsa tana firamare, shi kuma ya ƙi zubarwa, wai in mai abu ya dawo me zai ce masa. Kullum yana bakin ƙofa kan wani guntun benci, akwatin wani a tsakanin gwiwoyinsa, ƙananan ƙusoshi uku ko huɗu a gefen baki. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran jakunkunan matafiya: zif ɗin da ya ƙi ja, tayar da ta fita, mariƙin da ya tsinke.

Amma ba gyaran ne ya jawo masa sunan ba, hannunsa ne. In ka kawo masa jaka shaƙe da kaya, sai ya tofar da ƙusoshin a tafinsa, ya miƙe, ya kama mariƙin da hannun dama, ya ɗaga ta kamar taƙi guda daga ƙasa, ya lumshe ido. "Ashirin da uku da rabi," zai ce. "Ka rage takalmi." In ka yi gardama ka tafi filin jirgi a haka, ashirin da uku da rabi na'urar can za ta nuna maka, ka tsuguna a gaban jama'a kana bankaɗa kayanka. An sha gwada shi. Maƙwabcinsa Mai Kemis ya taɓa cusa dutsen guga a tsakiyar tufafi don ya kama shi. Baba Sikeli ya ɗaga, ya ɗan girgiza, ya ce, "Sha takwas, har da dutsen gugar matarka. Ka mayar mata kafin ta nema."

Shi kansa bai taɓa taka jirgi ba. Tafiya mafi nisa da ya yi ita ce ranar da ya kai 'yarsa makarantar koyon aikin jinya, awa biyar a mota, kuma a ranar ya juyo, don ya yi wa wani alkawarin jaka. Ta ƙarƙashin akwati ya san duniya. Yana juya jaka ya dubi taya zai ce maka wannan an ja ta kan titin duwatsu. In ya ga zif ya yi fari-fari ya cije, sai ya girgiza kai ya ce, "Bakin teku. Iskar can gishiri gare ta, ba ta barin ƙarfe lafiya." Bai taɓa ganin tekun ba, amma ya san abin da yake yi wa zif.

To, bana sai ƙungiyar masu shagunan layin ta shirya tafiyar yawon buɗe ido. Mutum goma sha huɗu, kwana goma, zuwa wata ƙasa a ƙetaren teku inda aka ce rana ba ta wasa. Jagoran tafiyar wani tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya ya buɗe shagon littattafai. Har yanzu Hedimasta ake ce masa, kuma har yanzu in zai yi magana sai ya ɗaga yatsa kamar akwai allo a bayansa.

Sunan Baba Sikeli ya shiga jerin ba da saninsa ba. 'Yarsa ce ta sa, bayan ta ja shi an yi masa fasfo wai don a ajiye saboda gaba. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, duk layin Nas suke ce mata, shi kuwa Uwata yake kiranta.

"Hutu nake so ka yi, Baba," ta ce. "Shekara talatin da huɗu kana sallamar matafiya. Kai ma a sallame ka sau ɗaya."

Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba. Lokacin da take makaranta ƙawayenta sun taɓa tambayarta sana'ar babanta, ta ce yana harkar tafiye-tafiye. Ba ƙarya ce sak ba, shi ya sa ma ta fi ci mata rai, kuma tun da ta fara aiki take neman hanyar da za ta mayar da maganar gaskiya. Baba Sikeli ya san labarin. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta taɓa kawo masa jaka, ta ga hoton Nas a bangon shago, ta kwashe da dariya ta zayyana masa komai. Bai taɓa nuna wa 'yarsa ya ji ba.

Matarsa, Umma, ita ma ta goyi baya da saurin da ya ba shi mamaki, sai da ya ji ta a waya tana tambayar mai fenti ko kwana goma sun isa a kwashe tarkacen ɗakin baya a shafe shi. Kowa dai yana da abin da yake so da tafiyar nan. Shi kaɗai ne ba a tambaya ba.

Hedimasta ya buga takardar shiri ya raba wa kowa. Ranar Lahadi da hantsi Nas ta zauna a hannun kujera tana karanta masa, Umma tana ninke wanki, shi yana shan shayi.

"Na ɗaya: akwati guda, kada ya wuce kilo ashirin. An ja layi biyu a ƙarƙashi. Na biyu: tufafin auduga marasa nauyi. Na uku: hular rana mai faɗin baki, da baƙin tabarau."

"Baƙin tabarau? Ni direban tirela ne?"

"Na huɗu: man shafawa na kare fata daga rana."

Ya ajiye kofin. "Uwata, tun ba a haife ki ba rana take dukana a bakin shagon nan. Yau ne za a shafa min mai kamar jariri?"

"Zafin can daban ne, Baba. Zafi ne mai gumi. In ka yi wanka ka fito, kamar ba ka goge jiki ba."

"To me ya kai mu?"

"Ku ji shi," in ji Umma, ba ta ko ɗago ba. "Mutumin da bai san ƙarshen unguwa ba yana zaɓen ƙasa."

Nas ta ci gaba: silifa, man sauro, ƙaramar laima, gorar ruwa, maganin hawan jini na kwana sha huɗu ko da an yi jinkiri. Da ta zo kan gajeren wando ya ce ta tsallake, ƙwaurinsa ba na kallon jama'a ba ne. Umma ta ce ta shaida, ita ma haƙuri take yi.

Nas ta ninke takardar. "Na ƙarshe ba Hedimasta ya rubuta ba, ni ce. Ba filaya, ba guduma, ba basilla. Ko allura ban yarda ba."

"Wa ya ce zan ɗauka?"

"Ba wanda ya ce. Na dai san ka."

Makonni ukun da suka biyo baya sun yi masa daɗi. Duk mutum sha ukun nan sai da suka kawo masa akwatunansu. Ya sake wa Tela taya, ya ɗinke wa Anti Kitso mai gyaran gashi aljihun da ya yage, ya goga wa kowane zif kyandir saboda iskar gishiri. Suna tsaye a kansa suna tambaya, yana amsawa da ƙusa a baki: a naɗe riga kamar tabarma, kada a ninke, takalmi a ƙasa wajen taya, kwalbar turare a cikin safa, a ɗaura wa mariƙi ƙyalle mai launi. "Allah ya bar mana kai, Baba Sikeli," suke cewa.

Sai dai akwai taron ƙungiya na ranar Asabar a falon Hedimasta, kuma a can ba akwati a tsakanin gwiwoyinsa. Ana zaune a kujeru masu laushi ana hirar otal, da jirgin ruwan da za a shiga, da wanda ya taɓa zuwa ina a wace shekara. Mai Kemis ya je ƙasa huɗu. Anti Kitso ta je biyu amma tana ba da labarin kamar bakwai. Baba Sikeli yakan zauna kusa da ƙofa, inda takalma suke. Ya ɗora hannayensa kan gwiwa, ya sauke, ya harɗe su, ya warware. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Amma ya lura: a taro uku, sau biyar aka yi masa magana, kuma duk biyar ɗin a kan jaka ne.

A nan tsoron ya kama shi, kuma ba tsoron jirgi ba ne kamar yadda Umma take tsokanarsa. Kwana goma zai yi da mutanen nan, a teburin cin abinci, a bas, a bakin ruwa. Mutane ne da ya sani shekara da shekaru, amma daga ƙasa yake kallonsu, yana zaune suna tsaye. In ba abin gyarawa, me zai sa wani ya juyo ya ce masa "Baba"? Ya hango kansa a ƙarshen teburi yana tauna a hankali, don kada ya riga kowa gamawa ya rasa abin yi.

Saura kwana huɗu a tashi Nas ta zo ta haɗa masa kaya da kanta, a sabon akwatin da ta saya masa, wanda ya sake wa taya da zif tun kafin a taɓa jansa. Riguna shida, wanduna huɗu, tawul, hula, tabarau, da man da ya rantse ba zai shafa ba. Ya ɗaga. "Sha biyu." Ta yi murmushi, ta tafi aikin yamma.

Ƙarar motarta ba ta gama ɓacewa ba ya zazzage kayan kan gado. Da reza ya farke shafin cikin akwatin a hankali, ya shimfiɗa soso siriri, ya fara jerawa: filaya biyu, guduma, sukudireba manya da ƙanana, basilla, zare, zif dogaye da gajeru, tayoyi goma sha biyu, gwangwanin ƙusoshi, da guntun ƙarfen da yake dukan ƙusa a kansa. Ya mayar da shafin ya ɗinke, ɗinkin da ko wanda ya ƙera akwatin ba zai gane ba.

Umma tana tsaye a bakin ƙofa tun daga kan guduma.

"Malam."

"Na'am."

"Yawon buɗe ido aka ce, ko reshe za ka buɗe a can?"

"Akwati sha huɗu ne fa. Ki ce ba tayar da za ta fita?"

"In ta fita su ɗauka a ka. Kai ka haife su?"

Ya mayar da tufafin, ya ja zif, ya ɗaga. Hannun ya gaya masa nan take: ashirin da biyar. Dabararsa ita ce ya tsallake awon da Hedimasta ya shirya jibi, tunda hannunsa ne zai auna. Ranar tafiya kuma, in Nas ta juya baya a filin jirgi, sai ya zare tawul da takalmi da rabin tufafin ya ba direban da ya kawo su ya mayar gida. Riga uku sun ishi mutum kwana goma, in yana wanki.

"Kada ki gaya wa Uwata."

"Ni ba ruwana. Amma mutumin da bai taɓa cutar kowa da ko rabin kilo ba, ban san yadda bakinsa zai iya ba."

Ranar awo aka taru a barandar Hedimasta da yamma, akwatuna sha huɗu a jere, kowanne da ƙyallensa. Nas ce ta kawo shi a motarta, amma bai bari ta taɓa akwatin ba. Ta jingina da ginshiƙi tana kallo. Hedimasta ya ɗaga yatsa ya ce, "Baba Sikeli, bismillah."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. "Sha bakwai. Sha tara. Sha shida da rabi." Da ya zo kan na Anti Kitso ya ɗaga, ya dube ta. "Ashirin da biyu. Anti, aure za ki yi a can?"

"Kayan kwalliya ne kawai, Baba!"

"To kwalliyar kilo biyu ta zauna a gida. Wadda Allah ya yi miki ta isa."

Ta buɗe tana ƙunƙuni ta rage. Tela kuwa kilo tara kacal ya kawo, aka ce ko tsirara zai yi yawo, ya ce shi wuri ya bari don yadin da zai sayo.

Sai nasa. Ya kama mariƙin, ya ɗaga, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, don in bai lumshe ba za a lura.

"Sha tara da rabi."

Maganar ta fito lafiya lau, har ya yi mamakin sauƙinta. Nas ta ɗaga gira.

"Madalla," in ji Hedimasta. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ma'auni kamar tocila, da ƙugiya a ƙasansa. "Ba don ban yarda da kai ba, Baba. Kamfanin tafiyar ne suka aiko da wannan, sun ce abin da ya nuna shi zan rubuta. Mu ma mu ga wa zai ci, kai ko inji."

Abin ya koma wasa. Ana rataya akwati, Tela yana karanta lamba da ƙarfi kamar mai sharhin ƙwallo. Sha bakwai, sha bakwai. Sha tara, sha tara. Sha shida da rabi, har rabin. Kowace lamba ta fito sai a tafa, Mai Kemis yana cewa a mayar wa kamfani kayansu, mu muna da namu mai rai. Sau goma sha uku aka tafa wa Baba Sikeli. Bai taɓa samun girma irin na wannan yammar ba, kuma bai taɓa jin gumi yana bin gadon bayansa haka ba.

Hedimasta ya rataya na ƙarshe, sai da ya sa hannu biyu. Tela ya leƙa, ya buɗe baki, ya rufe.

"Ashirin da biyar," ya ce a hankali.

Anti Kitso ce ta fara kawo ɗauki. "Batirin ne ya yi sanyi. Waɗannan abubuwan haka suke."

"Ko kuma hannu ne ya gaji," in ji Mai Kemis cikin tausayi. "Akwati sha uku fa ya ɗaga. Shekaru ba wasa ba ne."

Mafita biyu aka ba shi, duk don ƙauna. In ya bi ta Anti Kitso, za a nemo wani batir, asiri ya tonu bayan minti goma. In ya bi ta Mai Kemis, ba wanda zai buɗe akwatin, sai dai a ce ya je gida ya rage kaya. Amma gobe duk layin zai ji cewa hannun Baba Sikeli ya kuskure da kilo biyar da rabi, kuma daga ranar duk wanda ya kawo jaka zai yi godiya, ya je gida ya sake aunawa.

"Injin bai yi ƙarya ba," ya ce. "Hannuna ma bai yi ba. Ashirin da biyar ya gaya min tun shekaranjiya. Bakina ne ya ce sha tara da rabi."

Ya tsuguna, ya kwashe tufafin ya miƙa wa Nas ba tare da ya dube ta ba. Ya ari reza a wurin Hedimasta ya farke ɗinkin nan mai kyau. Kayan aikin suka bayyana a jere, kowanne a gurbinsa. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya, ko faɗa.

"Kai!" in ji Mai Kemis. "Wannan ai tunani ne! Ni dama tayar bayan nan tawa ban gama yarda da ita ba."

"Wallahi kuwa," in ji Anti Kitso. "A raba mana, kowa ya ɗauki kilo ɗaya. Tela ma shi kaɗai zai iya ɗaukar gudumar da ƙarfen."

"In dai za a bar min wurin yadi," in ji Tela, ya riga ya ɗauki gudumar yana juyawa.

Hedimasta ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta washe. "An warware. Ƙungiya ta samu mai gyara. Baba, a bas sai mu ba ka kujerar baya, kusa da kaya. A otal ma zan ce a ba ka ɗaki a ƙasa, don sauƙin kawo maka aiki."

Ga shi nan, abin da ya yi ƙarya dominsa, an miƙo masa da hannu biyu. Za a neme shi. Za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya tsaya yana jiran daɗin abin ya zo, bai zo ba. Sai ma ya ga ɗakin otal ɗin sarai kamar ya taɓa shiga: shi a tsugune, akwatin Mai Kemis a tsakanin gwiwoyinsa, ta taga yana jin bas tana tashi da sauran zuwa bakin ruwa. Mu je mu dawo, Baba, kafin nan ka gama. Za su dawo da yashi a ƙafa su ba shi labari, shi kuma ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba, sai dai wannan karon tekun yana bayan katanga.

Wani abu ya taso masa a ƙirji da bai san yana da shi ba. Ba fushi da su ba ne, su ai abin da ya koya musu suka yi. Kwaɗayi ne. Kujerar taga yake so.

Ya miƙa hannu ya karɓe gudumar daga wurin Tela.

"A'a."

"A'a me, Baba?"

"Ba za a raba ba. Uwata, ɗauko buhu a mota." Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Hedimasta, takardar nan da ka buga, akwai inda aka rubuta mutum sha uku da mai gyara ɗaya?"

"A'a, amma ai kai ne ka..."

"Ni na kawo, ni na fasa. Duk akwatin da ke nan ya bi ta hannuna, ba abin da zai same shi in ba a yi masa hauka ba. Wanda nasa ya ɓalle ya ɗaure da igiya, in mun dawo ya same ni a shago. Kuma kujerar baya jiri take sa ni."

"Yaushe ka shiga bas ɗin har ka san tana sa ka jiri?" in ji Mai Kemis.

"Ban shiga ba. Na dai auna."

Aka fashe da dariya, har Hedimasta. Anti Kitso ta ce to ita kusa da shi za ta zauna, don ta ga alama bakin tsohon nan ya buɗe.

A mota Nas ta ƙura wa titi ido har suka wuce shataletale biyu. Buhun kayan aikin yana ƙara a baya duk ramin da aka faɗa.

"Kina fushi," ya ce.

"Ina tuƙi."

"Uwata." Ya dubi tafukansa a kan cinya. "Na cika baki a gaban mutane, amma abin da ya sa na ɗinke su yana nan. In mutum ya zauna cikin jama'a ba ya aikin komai, me yake yi da hannunsa?"

Ta yi shirin amsa tambayoyi da yawa kan tafiyar nan, ta jirgi, ta abinci, ta magani. Wannan ba ta cikinsu. Ita da ta ɗauka kyauta take yi masa. Sai da danja ta tsayar da su ta ce, "Hoto yake ɗauka, Baba. Duk waɗanda ka ga suna ta ɗaukar hoto, rasa abin yi da hannu suka yi. Zan koya maka."

A tsakar gida, kafin rana ta faɗi, ta ba shi waya ta nuna masa farin zagayen da zai taɓa. Ya taɓa, ba abin da ya faru. Ya danna da ƙarfi kamar mai tura ƙusa, har ta ce zai fasa gilashin. Ya gwada yatsun nan biyar, wayar ba ta san da zuwansa ba. Nas ta kama hannun ta juya. Kowane yatsa ya yi kanta, fatar ta yi tauri kamar tafin takalmi.

"Wayar ba ta jin ka, Baba. Fatar ta yi kauri da yawa."

Umma, wadda Anti Kitso ta riga ta buga wa waya ta ba ta labarin baranda tun kafin su iso, ta shiga ciki ta fito da ruwan ɗumi a roba, da sabulu, da dutsen goge kaushi. Ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Kawo hannun, maƙaryaci."

"Sau ɗaya fa na yi."

"Shi ma ba ka iya ba. Kawo."

Ya miƙa, sai kuma ya janye, ya naɗe yatsu huɗu ya bar manuni.

"Wannan kaɗai. Sauran ki bar min su yadda suke, kwana goma ne zan dawo aiki."

Ta jiƙa yatsan, ta goga, ta sake jiƙawa, tana mita wai shekara arba'in tana fama da hannun nan bai taɓa zama an gyara shi ba sai da waya ta ƙi shi. Da fatar ta yi laushi ta share masa da gefen zaninta. Ya ɗaga wayar da hannu biyu, ya saita, ya riƙe numfashi, ya taɓa. Ta yi ƙyas.

Nas ta leƙa. Rabin fuskar Umma ne, baki a buɗe tana tsakiyar mita, da robar ruwa, da babban yatsansa a kusurwa.

"Goge wannan," in ji Umma. "Ban shirya ba. Bari in gyara ɗankwali."

"Zauna yadda kike," ya ce, yana sake saitawa. "Koyo nake yi."